Yaran da aka haifa a Arewa da katin rigakafinsu a Legas

An sa ni cikin kwamitin lafiya na mazaɓarmu a Agege ne saboda ina koyar da matan aure a Islamiyya, ina jin Yarbanci, kuma matan unguwa suna sakin jiki da ni. Aikin da aka ɗora mana shi ne mu taimaka wa cibiyar lafiya ta matakin farko wajen gano yaran da ba su kammala rigakafi ba. Jihar Legas tana gudanar da irin waɗannan cibiyoyi a ƙananan hukumominta 20 da yankunan raya ƙasa 37, allurar kuma kyauta ce, amma duk da haka sunayen 'ya'yan Hausawa ne suka fi yawa a cikin waɗanda ba a sake ganinsu ba bayan zuwan farko.

Ma'aikatan lafiya da 'yan kwamiti duk sun tafi a kan cewa mutanenmu ƙin allurar suke yi. Tun shekarar 2003, lokacin da Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, wannan zato yake bin Bahaushe duk inda ya je, ko da yake an tabbatar da kawar da nau'in ƙwayar cutar na asali daga Nijeriya a watan Agustan 2020. Saboda haka aka tsara aikin gaba ɗaya a kan faɗakarwa. Limamai sun yi huɗuba, shugabannin al'umma sun ba da goyon baya, mata sun cika makaranta sun saurara. Babu wanda ya yi mana gardama, amma da aka duba rajistar cibiyar, gurbin da babu kowa yana nan yadda yake.

Sai da muka fara shiga gida gida ina zama da mata a ɗakunansu na gane inda gizo yake saƙa. Yawancin yaran da muke nema ba a Legas aka haife su ba. Mace mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta a Katsina ko Sakkwato ko Jigawa, ta haihu a can, ta yi wankan jego, ba ta dawowa sai bayan arba'in, wata ma sai jariri ya yi wata huɗu ko biyar. A daidai wannan tsakani ne jadawalin rigakafi ya fi cika: allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna a lokacin haihuwa, sannan allurar nan mai kare cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo, a mako na 6 da na 10 da na 14. Wata ta yi ta farko a ƙauye ta baro katin a wurin mahaifiyarta, wata ta fara a Legas sai tafiyar damina ko ta sallah ta katse ta. Wani magidanci mai sayar da albasa ya ce mini: “Malama, mu ba mu ƙi ba. Katin yana gida, ita kuma tana jin nauyin ta je hannu rabbana a yi mata faɗa da yaren da ba ta ji.”

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne labarin wata yarinya 'yar wata goma sha ɗaya. Mahaifiyarta ɗalibata ce, ba ta taɓa fashin zaman faɗakarwa ba, kuma babu wanda ya tambaye ta inda katin 'yarta yake, domin an ɗauka duk wadda ta zo ta saurara ta gamsu ke nan. Lokacin allurar ƙyanda, wato wata tara, ya same su a Arewa wajen biki, da suka dawo kuma ta ɗauka lokaci ya wuce. Ƙyanda ta kama yarinyar, aka tura su babban asibiti, mahaifinta ya cinye rabin jarinsa a jinya, kuma ko da Allah Ya ba ta lafiya, idonta ɗaya bai koma yadda yake ba. Duk watannin da aka ɓata ana shawo kan mutanen da ba su ƙi ba, tambaya ɗaya ta isa ta kai wannan yarinya cibiya.

Ga duk wanda zai yi irin wannan aiki a unguwannin Hausawa na Legas irin su Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago, shawarata ita ce ya fara daga wurin awon ciki. A tambayi mace inda za ta haihu da lokacin da take sa ran dawowa, a rubuta lambar wayar maigidanta, domin shi ne mai ba da izinin fita kuma shi ne mai kuɗin mota. A nuna mata yadda za ta ɗauki hoton kati da waya bayan kowace allura. Sannan a faɗa mata a fili, da Hausa, cewa yaron da ya tsallake allura ba a sake masa daga farko, ci gaba ake yi daga inda ya tsaya, kuma rashin kati ba ya hana a karɓe shi. Mata da yawa ba su san akwai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ba. Wasu kuma sun ɗauka sai da katin zama na jiha ko rajistar Ilera Eko, wato shirin inshorar lafiya na Legas, ake yi wa yaro rigakafi, alhali inshora daban, rigakafi daban.

Da muka koma wannan hanya, ni da kaina nake raka matan da suka dawo daga wankan jego ranar farko, in tsaya a matsayin tafinta. Wata ma'aikaciyar jinya Bayarabiya da ta fahimci lamarin ta daina tambayar dalilin makara, sai ta ce, “Sannu da zuwa, Maman jariri,” ta duba tabon allurar tarin fuka a dantsen yaro, ta buɗe sabon kati. Daga nan matan suka fara janyo junansu, kuma ina alfahari da cewa yanzu a layinmu da wuya a dawo daga Arewa da jariri ban ji labari ba kafin mako ya zagayo.

Sai dai wannan aikin sa kai ne, idan na yi rashin lafiya ko na yi tafiya yakan tsaya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, Legas kuma ta ƙaddamar da shirinta na inshora a ƙarshen 2018. A ganina, ƙaramin abu ne a cikin wannan tsari a ɗauki ma'aikaciya mai jin Hausa a cibiyoyin da ke unguwannin Hausawa, a kuma ƙara gurbi ɗaya a rajistar awo inda za a rubuta garin da mace za ta haihu. Mun rubuta waɗannan buƙatu biyu a rahoton kwamiti, kuma zan sake tayar da su a zama mai zuwa.