Haɗin fasili da tafarnuwa na Faransa: yadda muke yinsa a kicin ɗinmu

Cikin duk abin da ƙaramin kicin ɗinmu yake haɗa wa masu biki da gidajen abinci, babu mai ƙarancin kayan haɗi kamar wannan, babu kuma mai saurin tona asirin mai ganganci kamarsa. Faransawa suna kiransa persillade, daga persil, sunan ganyen fasili a harshensu. Asalinsa abu biyu ne kacal: fasili da tafarnuwa, a yanka su ƙanana a cakuɗa. Mai, bota, ruwan khal (wato binega) da garin busasshen burodi duk ƙari ne, gwargwadon abincin da za a sa wa. Ba irin miyar da ake bari a kan wuta ta yi ta ɓararraka ba ce. Ana zuba shi ne ana dab da sauke tukunya, shi ya sa duk aikin yana wajen shiri.

Fasili iri biyu ake samu a kasuwa, mai shimfiɗaɗɗen ganye da mai murɗaɗɗen ganye. Na farkon muke saye, don ya fi ƙamshi kuma ya fi laushi a baki. Murɗaɗɗen ya fi dacewa da ado a gefen faranti. A kula, mai shimfiɗaɗɗen ganyen yana kama da ganyen koriyanda ƙwarai, har masu sayarwa sukan haɗa su a tire ɗaya. A tsinki ganye guda a murza a shinshina kafin a biya kuɗi. Da hunturu ya fi kyau da araha. Da bazara kuwa, wanda aka saya da hantsi kan yi yaushi kafin azahar, don haka da sassafe ake sayensa, a datse gindin a tsoma cikin kofin ruwa kamar fure.

Wanki sau uku ne a cikin roba mai faɗi, ana tsamo ganyen sama ana barin yashi a ƙasa. Daga nan sai matakin da yawancin masu koyo suke tsallakewa, wato busarwa. A baza shi a kan tsabtataccen tawul, a rufa wani a kai a danna a hankali, a bar shi ya sha iska kamar awa guda. Jiƙaƙƙen ganye ba ya yankuwa, dagargajewa yake yi, ya manne wa wuƙa, ya bar koren ruwa a kan katako, kuma ƙamshin da ake nema yana cikin ruwan nan da ya zube. In ya shiga mai mai zafi kuma sai fantsama. Kada a zubar da karan da aka cire, yana da amfani a romon kaza ko na ƙashi.

Ma'auninmu shi ne giram 50 na tsinkakken ganye, giram 15 na ɓararriyar tafarnuwa, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A sikeli muke aunawa, ba ma ƙirga ƙwaya, domin tafarnuwar gida mai ƙananan ƙwayoyi ta fi manyan farare na waje ƙarfi nesa ba kusa ba. In ta gida ce zalla, giram 10 ma ya isa. Kowace ƙwaya a raba ta biyu a duba cikinta. In ta fara tsiro, za a ga koren zare a tsakiya, a cire shi da bakin wuƙa, domin shi ke kawo ɗaci da gyatsar da ke bin mutum har dare.

Ana yanka tafarnuwa daban har ta yi ƙanƙanta kamar ƙwayar gero, a yanka ganye daban, sannan a haɗa su a bi da wuƙa sau biyu ko uku. Wuƙar ta zama mai kaifi sosai. Yajin tafarnuwa ba ya fitowa sai an fasa ta, kuma iya dakan da ta sha iya zafin da za ta yi. Wadda aka kirɓa a turmi tana danne fasilin gaba ɗaya, sai a ji tafarnuwa kawai. Blanda kuwa ta fi ɓarna: tana ɗumama ganyen, ta mai da shi kamar kunu, kuma man zaitun da aka markaɗa da ƙarfi yakan yi ɗaci. Mai yin kilo guda zai ji kamar ya jona na'ura ya huta, amma aikin wuƙa ne, ba makawa.

Wannan busasshen haɗi shi ne uwa. In ana son mai ruwa-ruwa na zubawa a kan gasasshen kifi ko nama, sai a ƙara man zaitun mililita 100 da ɗan baƙin masoro, a bar shi minti goma sha biyar kafin a kai tebur. Ruwan lemun tsami ko khal, babban cokali ɗaya, sai lokacin ci ake sa shi. Tsami yana kashe koren ganye, cikin awa ɗaya ko biyu ya koma launin ganyen da ya kwana. Don haka masu oda daban muke ƙulla musu lemun.

Ɗaya daga cikin abincin da haɗin ya yi suna da su a Faransa shi ne dankalin Sarlat, wani gari a yankin Périgord na kudu maso yammacin ƙasar, inda ake girki da kitsen agwagwa da na dinya. Dankalin turawa kilo ɗaya, a fere, a yanka fale-fale kaurin milimita uku zuwa huɗu, a goge ruwan jikinsa tas. A narka kitse babban cokali huɗu a faffaɗan kasko, a soya dankalin a matsakaiciyar wuta wajen minti 25 zuwa 30, ana juyawa jefi-jefi don kada ya farfashe. Sai ya yi ja ya nuna sannan a watsa babban cokali uku na haɗin, a juya minti ɗaya, a kashe wuta, a rufe minti biyu. Tururin ne zai dafa tafarnuwar. Wanda ya zuba tun farko zai tarar ta ƙone ta yi baƙi, kuma ɗacin ƙonanniyar tafarnuwa ba ya gyaruwa, sai dai a sake wani. Haka ƙa'idar take ga hanta, jatan lande da naman kaza. In babu kitsen agwagwa, kitsen kaza ya fi man gyaɗa kusa da ainihin ɗanɗanon.

Ga haƙarƙarin rago kuma akwai wata hanyar. A haɗa babban cokali huɗu na haɗin da giram 50 na garin busasshen burodi da bota narkakke cokali biyu. A fara soya naman ta ko'ina a kasko, a shafe bayansa da mustad, wato kwaɓin nan mai kauri da ɗan yaji, a danna haɗin a kai da tafin hannu, a gasa a oben mai zafin digiri 200 na minti 15 zuwa 20. Mustad ɗin ne yake riƙe ɓawon. In an manta da shi, yana fitowa zai zube a tire.

Na bota shi ne wanda a yankin Burgundi na Faransa ake cusawa cikin ƙoƙon dodon koɗi a gasa. Mu a kan burodi da gasasshen kifi masu saye suka fi so. Bota mai laushi giram 100, haɗi giram 30, a cakuɗa da cokali, a naɗe a takardar gashi kamar tsiren alawa, a sa a firiza. Ana yankar ƙwarya-ƙwaryar da ake buƙata a mayar da saura, yana kai wata biyu zuwa uku.

Ajiya ita ce wurin da wannan sana'a take da haɗari na gaske. Sau da yawa ana tambayar me ya sa ba ma jera shi a kwalabe a kan kanta kamar yaji. Ɗanyar tafarnuwa daga ƙasa take fitowa, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke haddasa gubar botulizim. Ƙwayar tana yaɗuwa ne inda babu iska kuma babu tsami, wato daidai yanayin tafarnuwar da aka nutsar cikin mai aka bari a ɗaki mai ɗumi. Gubar ba ta da wari, ba ta canza launi, tana kuma iya shanye jiki har ta tsayar da numfashi. Saboda haka mai man nan a firij yake zama, kwana huɗu iyaka, kuma kowace roba muna rubuta mata ranar da aka haɗa. In wuta ta ɗauke har firij ya huce, zubarwa ake yi, ko da kuwa ƙamshinsa lafiya lau. Wanda ke son ya daɗe ya zuba a farantin ƙanƙara ya daskarar, ƙwaya ɗaya ta ishi kaskon mutum biyu, kuma daga firiza kai tsaye take shiga kasko.

Wannan ne ya sa muke karɓar oda tun jajibiri, mu yanka da safiyar ranar biki. Busasshen haɗin da babu mai a ciki ma kwana ɗaya yake yi da kyansa, a rufaffiyar roba da takardar goge hannu a ƙasa tana tsotse danshi. Washegari tafarnuwar ta fara warin tsufa, sai dai a juye shi cikin bota.