Layi ɗaya ya sa muka sake buga tarihin Argungu

Ƙungiyarmu ta 'yan Kabi mazauna Kaduna ta ɗora mini rubuta shafi biyu a kan Argungu, a ɗan littafin da za a raba ranar taron shekara. Tarihi bai ba ni wahala ba. Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da birninsa Surame, faɗuwar Birnin Kabi a 1805, komawar Kabawa Argungu, boren da Yakubu Nabame ya yi wa Sakkwato da Gwandu a 1849, har zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda ya kashe wutar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato ya kuma zama tushen bikin kamun kifi na Matan Fada. Duk wannan yana bakin dattawa, yana kuma gidan tarihi na Kanta.

Yawan mutanen gari ne ya kwance mana zani a kasuwa.

Kwamiti ya ce in bar gurbin, su za su cike. Aka ɗauko adadi daga intanet, wajen dubu 200, ƙidayar 2006, aka kai maɗaba'a. Ranar taron wani dattijo da ya taɓa aikin ƙidaya ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Ɗana, wannan ai har da Gulma da Lailaba da Alwasa a ciki." Sunana ne a saman shafin. Har yau in na tuna yatsan nan sai raina ya ɓaci.

Gaskiyarsa kuwa. Adadin na ƙaramar hukuma ne gaba ɗaya. Sakamakon 2006 jiha-jiha aka fitar da shi, sannan ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, ba gari-gari ba. Ƙidayar 1991 ce ta bi garuruwa da ƙauyuka, amma shekarar ce fa aka cire Kebbi daga Sakkwato. Jariran lokacin yau su ne masu iyali. Ta 2023 kuma an ɗage ta. Don haka duk adadin da ka gani a yanzu wai na garin Argungu, kiyasi ne, ko da an jera shi har da 'yan ɗaiɗai a ƙarshe kamar an bi gida-gida.

In aka ba ka irin wannan aiki, kada ka sakar wa kowa layin adadi, ko shugaban kwamiti ne. Ka tsaya ka tambaya: wace Argungun? Garin, ko ƙaramar hukumar, ko masarautar da ta haɗa har da Augie da Arewa da Dandi? Kuma a rubuta shekara kusa da adadin. Wasu sun so a bar shi haka, wai yawa ai martaba ce ga gari. Ban yarda ba. Garin da ya daɗe yana tsaye wa Sakkwato da Gwandu ba ya bukatar aron mutanen Gulma.

Kuɗin sake bugun daga asusun tallafin ɗalibai aka cire su, abin da ya fi ci mini rai ke nan. A sabon bugun mun rubuta "ƙaramar hukumar Argungu, ƙidayar 2006", na kuma je maɗaba'a da ƙafata na karanta layin kafin a kunna inji.