Kati ya iso, kujerar ta tafi

Talata.

Safiyar nan da daɗi ta fara. Wuta ta kwana, Auta ta sha kokonta ba rigima, har guga na yi da kaina. Zariya Rod babu cunkoso. Bakwai da rabi ina bakin ofishin bankinmu, Baba Maigadi ya tare ni da ɗan kwali a hannu, wai saƙona ne daga Legas.

Katunana ne. Waɗanda na nema tun wata bakwai da suka wuce, lokacin garambawul na uku, da aka canza mini sunan muƙami. Na buɗe, na zaro ɗaya, na shinshina ma, don ƙamshin sabon bugu yake. Sunana daidai, ba a ci wasali ko ɗaya ba. Na ji daɗi kamar yaro da ɗinkin Sallah, na zuba guda goma a aljihu.

Tara da minti goma imel ya shigo daga hedikwata. Sabon tsari. An rushe sashenmu, an raba mu gida biyu, wai don a ƙara kusantar kwastoma. Na huɗu ke nan cikin shekara biyu da 'yan watanni. Na buɗe zanen da suka haɗo da shi, akwatuna da kibiyoyi, na bi da yatsa har na gano kaina can ƙasa ta hagu, ƙarƙashin wani oga a Abuja da ban taɓa jin ko muryarsa ba. Muƙamin da ke kan katin aljihuna babu shi a zanen. 'Yan kasuwata na Kwari da Singa kuma za su koma hannun wata sabuwar cibiya daga ɗaya ga wata.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya ce uffan. A na farko, cirko-cirko muka yi a wajen ajiye motoci muna ƙus-ƙus har azahar. A na biyu har saukar Alƙur'ani wasu suka sa aka yi musu. Yau Hajiya ko ɗago kai ba ta yi daga kwamfuta ba, cewa kawai ta yi, “To yanzu wa zai sa mini hannu a takardar hutu?”

Taron bidiyo ƙarfe goma sha ɗaya. Murya na yankewa. An ce babu wanda za a sallama a yanzu. Yaran nan biyu 'yan kwantiragi suka kalli juna da aka ce “a yanzu”.

Bayan la'asar na shiga Kwari wajen Alhaji, don na fi so ya ji daga bakina. Na same shi ana sauke dilolin shadda, yana zaune a kan bencin nan nasa da carbi. Ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, muka gaisa, ya tambayi Auta da mahaifiyarta. Sai ya ce, “Ɗana, fuskarka ba ta kawo kuɗi ba. Wannan karon me kuma suke so? Takardar haihuwar kakana?”

Wata biyar ke nan da ya nemi a ƙara masa rance don ya yi odar kaya daga Chana su iso kafin azumi. Ni na haɗa fayil ɗin da hannuna. Oga na lokacin ya duba ya ce ya yi, kafin ya sa hannu aka ɗauke shi. Wanda ya gaje shi ya ce shi bai san Alhaji ba, a sake kawo bayanin asusu na wata shida, a sake kimanta gidan da aka ba da jingina. Aka yi. Alhaji ya sake biyan kuɗin masu kimantawa. Fayil ya kai teburin ƙarshe makon jiya.

Na ce, “Alhaji, an sake yi mana canji. Daga wata mai kamawa ba ni ne zan riƙa kula da asusunka ba.”

Bai ce komai ba. Ya jawo durowar da yake ajiye rasitai, ya lalubo, ya fito da katuna uku, duk nawa. Ya jera su a kan dilar atamfa ɗaya bayan ɗaya kamar mai raba karta. Na farkon har ya yi dauɗa, gefensa ya lanƙwashe, akwai lambar wani direba da ya rubuta a baya da biro. Suna ɗaya, lambar waya ɗaya, muƙami uku.

“Wanne ne kai a ciki?”

Na yi dariya, na zaro na aljihuna na ajiye na huɗu. Na ce wannan yau ya iso, yau kuma ya mutu. Shi bai yi dariyar ba.

Ya ce shi ya ga zamanin Soludo yana gwamnan Babban Banki, lokacin da aka ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Bankin da yake ajiya ya shige cikin wani, aka sauke allo, aka canza fenti. “Amma mutumin da ke bayan kanta shi ne dai. Ya san ni, ya san lokacin da kasuwa ke tashi da lokacin da take kwanciya. Sau ɗaya aka yi girgizar aka zauna. Ku kuwa kullum tufka da warwara.”

Na soma yi masa bayanin da ake yi mana. Cewa tun Maris na 2024 Babban Banki ya ɗaga jari, biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na cikin gida, wa'adi ƙarshen Maris na 2026, kowa na neman ya nuna wa masu zuba jari cewa ya rage kashe kuɗi. Ina magana ina jin muryata kamar ta mutumin taron bidiyo. Ya bari na gama tsaf.

“To ku nemi kuɗin mana. Me ya haɗa neman kuɗi da canza wa mutane kujera?”

Na sha ruwa.

Gaskiyar da ban faɗa masa ba, a ganina duk babban da aka naɗa a sama so yake a ga ya yi wani abu, kuma babu abin da ya kai matsar da akwatuna a takarda araha. Shi zanen awa biyu zai ci a Legas. Mu nan wata uku muke yi muna neman wanda zai sa hannu a abin da a da minti biyar ya isa. Kafin mu gane hanya, an sake zana wata. Oga huɗu na yi, babu wanda na cika shekara a ƙarƙashinsa, don haka duk lokacin kimanta aiki mutumin da zai ba ni maki bai ga wahalar da na sha ba. Ƙarin girma kuwa sai dai in ji a bakin wasu. Taget, wato adadin da ake ɗora maka ka kawo wa banki, shi ne kaɗai ba ya ɓata a hanya, shi yana biyo ka duk akwatin da aka jefa ka.

Da zan tafi Alhaji ya tattara katunan huɗu ya mayar durowa. Ya ce, “Ni ban san cibiya ba. Kai zan kira.” Na ce to. Kuma zai kira ɗin, kuma zan ɗauka, in ce masa ina bibiya, alhali ko buɗe fayil ɗin kwamfuta ba za ta bar ni in yi ba.

A hanya na tsaya kemis aka gwada mini jini. Ya hau kaɗan. Yaron ya ce in rage tunani.

Ba irin gajiyar lokacin canjin kuɗi ba ce, farkon 2023, da muke kai dare mutane na dukan ƙofa. Waccan in ka kwanta ka tashi ta sake ka. Wannan ƙarfe uku na dare take tashina, in yi ta kallon silin ba tare da ina tunanin komai ba. Ranar Lahadi tun daga la'asar kaina ke fara sarawa. Ɗazu maman Auta na ba ni labarin bikin ƙanwarta, ta tsaya a tsakiya ta ce, “Ka shigo gidan nan kuwa, ko har yanzu kana hanya?” Na ba ta haƙuri. Ban iya maimaita ko kalma ɗaya daga abin da ta faɗa ba.

Tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ci rabi.

Auta ta gano sauran katunan a aljihun riga, ta baje su a tabarma ta buɗe kanti, kowanne wai naira dubu ne. Na sayi cokali biyu da murfin kwano.

Ana son takardar miƙa aiki gobe kafin ƙarfe takwas. Na buɗe wadda na rubuta wata bakwai da suka wuce, na canza kwanan wata da sunan oga. A layin Alhaji na tarar da “ana jiran amincewa” tun daga wata tsohuwar buƙatarsa, na bar shi yadda yake.