Shekara takwas ina sayar da abin da ban iya karantawa ba

Ɗan yayata ya daina zuwa ajin koyon Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, wata uku kacal da farawa. Ba shi ya gaya mini ba, mahaifiyarsa ce ta kira ni ta ce tunda ni ne na san harkar kwamfuta a dangi, in zaunar da shi. Da ya zo, ban ma rufe baki ba ya zaro waya ya nuna mini manhajar rubuta bashi da ya haɗa wa ubangidansa a Kantin Kwari. Ya ce, "Kawu, tsakanin la'asar da isha'i na gama ta. ChatGPT na gaya wa abin da nake so, ya rubuto mini. To zaman me zan ci gaba da yi a aji?"

Ta yi kyau, ban ɓoye masa ba. Ga sunan mai karɓar kaya, ga yawan yadi, ga abin da ya biya da abin da ya rage. Na ce ya turo mini adireshinta. Na buɗe a wayata, sai na tarar babu suna ko ɗaya. Na ce masa, "Ina bayanan nan suke zaune?" Ya ce, "Suna cikin manhajar mana." Ba a cikinta suke ba. A cikin burauzar wayarsa suke, wato manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita, ita kaɗai. Ranar da aka zare wayar nan a cikin adaidaita sahu, ko ya goge ma'ajiyar burauzar don samun fili, bashin mutane ya tafi ke nan, kuma ubangidansa ya riga ya fara sakaci da littafin takarda.

Na so in yi masa faɗa, bakina ya yi nauyi, domin maganar da ya faɗa ni ma na taɓa faɗarta kusan kalma da kalma.

A shagon intanet na fara koyon PHP, yaren gina shafukan intanet, a Zariya, lokacin da ake sayen awa a ɗan tikiti. In kwafe darasi a filash, in dawo gida in rubuta kodin da biro a littafi, washegari in je in gwada ko zai yi aiki. Na kai inda na fara gane yadda shafi ke magana da rumbun bayanai, na fara jin daɗin abin. Sai a 2008 wani abokina ya nuna mini Joomla, manhajar da ake haɗa shafin intanet da ita ba sai an rubuta kodi ba. Takwaranta WordPress ya fito tun 2003, Joomla a 2005, mu dai a lokacin suka iso mana. A gabana ya tayar da shafi cikakke cikin awa biyu, bai rubuta layi ko ɗaya ba. Ya ce an daina wannan wahalar, masu rubuta kodi da hannu sun kusa zama tarihi. A daren na rufe littafina, ban sake buɗe shi ba.

Ina so a yi mini adalci a nan. Mahaifinmu yana kwance a lokacin, ƙannena huɗu suna makaranta, kuma babu wanda zai biya ni don na zauna ina koyon yadda ake jera umarni. Shafin da ake gani da ido shi ake biya. Da wannan sana'a na yi aure, da ita na sayi fili, kuma ban taɓa cutar kowa da gangan ba. Wanda bai taɓa zaɓa tsakanin kuɗin awa a shagon intanet da kuɗin magani ba, kada ya yi saurin yanke mini hukunci. Amma kuma gaskiya ɗaya ce: mahaifinmu ya samu sauƙi, kuɗi sun shigo, na sayi laftof da janareta, na shekara takwas da halin komawa ban koma ba. Talauci ne ya fitar da ni, jin daɗi ne ya hana ni dawowa.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa. Wata makaranta mai zaman kanta da na yi wa shafin duba sakamako ta kawo ƙorafi cewa duk sunan da ke da ɗ ko ƙ ko ɓ yana fitowa da alamar tambaya a takardar yara. Maganin abin shi ne a mayar da rumbun bayanan kan tsarin haruffa na UTF-8, wanda ya san haruffanmu, aikin mintuna ne ga wanda ya sani. Ni kuwa sai na ce musu kwamfuta ba ta san haruffan Hausa ba, su riƙa rubuta sunayen babu ƙugiya. Suka yarda da ni, domin ni ne masani a wurin. Har yau in na tuna yaran da aka ɓata wa suna a takardar shaida saboda jahilcina, raina yana ɓaci.

Ta biyu ta fi muni. Wani saƙon gargaɗi ya fara fitowa a saman shafin. Ban tsaya fahimtar abin da yake cewa ba, na nemo yadda ake kashe nuna gargaɗi, na kashe, shafi ya koma fes. Abin da saƙon ke faɗa shi ne, tsohuwar hanyar haɗuwa da rumbun bayanai, wadda ake kira mysql_connect, za a cire ta. Tun 2013 masu PHP suka sanar, kuma a Disamban 2015 da PHP 7 ya fito suka cire ta gaba ɗaya. Kamfanin da ke ajiye mana shafin ya ɗaga sabarsa, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, zuwa sabon PHP ɗin, abin ya faɗo daidai makon ba da sakamakon zango na uku. Iyaye sun sayi katin duba sakamako, suna buɗewa sai farin shafi, babu ko harafi.

Kwana biyu ban runtsa ba. Ina kallon fayiloli ɗaruruwa da na daɗe ina karɓar kuɗi a kansu, kamar an ba ni wasiƙa da yaren da ban taɓa ji ba. Shugabar makarantar ta tambaye ni a gaban malamai, "Malam, ba kai ka gina shi ba?" Na ce ni ne. Daga ƙarshe wani yaro da na girme da fiye da shekara goma ya zo, ya kunna gargaɗin da na kashe, ya karanta, ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya ya sauya su zuwa sabuwar hanyar da ake kira mysqli. Kafin magariba shafi ya tashi. Ya ce, "Oga, ai ya daɗe yana gaya maka." Na rasa makarantar, na rasa wasu biyu da labari ya kai musu. Na daɗe ina ɗora laifin a kan kamfanin, har ranar da na tono saƙonnin sanarwa da suka turo mini watanni kafin lokacin. Na gan su, ban gane abin da suke nufi ba, na wuce.

Na koma koyo daga tushe ina dab da shekara arba'in, da iyali, da kai wanda ba ya riƙe abu kamar da.

Duk wannan na ba ɗan yayata labari. Ya saurara, sannan ya ce, "To Kawu, da yanzu ne ai ChatGPT zai gyara maka cikin minti ɗaya." Kuma gaskiya ya faɗa. Ni kaina kullum ina aiki da ƙirƙirarriyar basira, aikin mako ina gama shi a kwana biyu, kuma tun daga 30 ga Nuwamban 2022 da ChatGPT ya fito abin ƙaruwa yake yi. Wannan ya wuce Joomla nesa ba kusa ba, ba zan yaudari kowa ba. Amma matsalata a wancan lokacin ba rashin amsa ba ce. Ban san akwai tambaya ba. Shi ma na'urar ba ta ƙi gaya masa inda bayanansa suke ba, shi ne bai san ana tambayar haka ba. Daga tarin rubutun da aka horar da ita a kai take hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo baya, shi ya sa takan kawo sunan umarnin da babu shi a duniya, kuma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure. Wanda bai iya karanta kodi ba, da me zai bambance?

Ya nuna mini bidiyon Jensen Huang, shugaban Nvidia, inda a Fabrairun 2024 a Dubai ya ce burinsu shi ne a kai inda babu mai buƙatar koyon rubuta manhaja, yaren mutane ya wadatar. Mutum ne da ya san abin da yake faɗa, amma a tuna kamfaninsa ne ke ƙera na'urorin da wannan basira ke gudana a kansu. Kuma an taɓa yin irin wannan fata. A 1959 aka tsara wani yaren rubuta manhaja, COBOL, ya yi kama da Turanci don ko manajan ofis ya iya karantawa. A Afrilun 2020 sai ga gwamnan New Jersey a Amurka yana cigiyar masu iya COBOL, saboda tsarin biyan marasa aikin yi, wanda da COBOL aka rubuta shi, ya kasa ɗaukar jama'a.

Shawarwari goma na rubuta a takarda kafin ya zo. Da na buɗe baki, uku ne suka fito, su ma a hargitse.

Na ce ya koma aji ranar Litinin, kuma ya rufe ChatGPT wata shida cur. Daga baya na ce a'a, kada ya rufe, rufewa wauta ce, ya mayar da shi malami: ya rubuta nasa tukuna, in ya kakare ya tambaya, kuma kada ya liƙa layin da ba zai iya bayyana wa ubangidansa da Hausa ba. Wanne ne daidai a cikin biyun? Ina ganin na farkon, domin na san yaran yanzu, in ƙofa a buɗe take ba za su tsaya ba. Mutanen da suka kwashe watanni a 2024 suna dangwalar fuskar waya da sunan mainin, wato haƙar kuɗin intanet, su ne ke ce mini wata uku a aji ya yi yawa! Darasin koyon ilimin kwamfuta na CS50 na Jami'ar Harvard kyauta yake a intanet, ga shi a tafin hannunku, datar kuwa a TikTok take ƙarewa. Mu da biro muka koya.

Na kuma ce masa kada ya koya don aiki. Ƙananan ayyukan da na ci abinci da su sun tafi, mai shago yanzu da kansa zai tayar da shafinsa, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin albashin dala ba. In ba ya jin daɗin zama awa uku yana neman inda kuskure ɗaya ya ɓuya, ya tafi ya koyi haɗa sola ko gyaran waya a Farm Centre, sana'o'i ne masu albarka. Ban gama faɗa ba na ji ban yarda da kaina ba, na ce ko da solar zai yi, ya ba abin nan shekara ɗaya tukuna, tunda ya riga ya fara ɗora dukiyar mutane a kan kodin da bai san cikinsa ba.

Ya ce, "To Kawu," irin wadda ake faɗa don a tashi.

Washegari da daddare ya turo mini saƙo cewa an gyara, ya gaya wa ChatGPT ya mayar da bayanan kan intanet, yanzu kowace waya tana gani. Na buɗe a tawa. Ba ta tambaye ni kalmar sirri ba. Ga sunayen masu bashi duka, ga lambobin wayarsu, ga abin da ake bin kowannensu, har da madannin gogewa a gefen kowane suna. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba. Na tura masa saƙo ya sauke ta a daren nan, sannan na kira mahaifiyarsa na ce ta tashe shi.