Jimla ɗaya a babi na biyu ta cinye mini zango guda

Jimlar tana can ƙarshen babi na biyu na kundin digirina, wurin hujjar ci gaba da bincike. Cewa na yi, a iya sanina babu wanda ya taɓa nazarin yadda 'yan kasuwar Hausawa ke bayar da kaya bashi a kasuwannin ƙasar Yarbawa. Ni na rubuta ta, kuma a lokacin na yarda da ita har zuciyata. Har yau idan na tuna sai in ji raina ya sosu.

Digiri na biyu nake yi a fannin tattalin arziki a wata jami'a a nan Legas. A Agege aka haife ni, kawuna kuwa dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12. Tun ina yaro nake ganin tirela ta iso daga Aliero, a sauke buhuna, a raba wa masu sari, ba takarda ba sa hannu, kuɗi sai bayan kwanaki, kuma su zo. Abin da na so in fahimta ke nan: me ke riƙe wannan amana?

Wata huɗu na yi ina bitar ayyukan da suka gabata, galibi da dare, janareton maƙwabta na ruri a bayan taga. Na tara maƙalu a Zotero, manhajar adana madogarai, a kan ƙananan bankuna, adashi da rancen 'yan kasuwa, duk daga Google Scholar da AJOL, rumbun mujallun ilimi na Afirka a intanet. Amma na yi wa kaina shinge biyu ban sani ba. Na taƙaita nema daga 2010 zuwa yau, don wani ɗan ajinmu ya ce ba a son tsofaffin madogarai. Sannan kalmomin da na riƙa zubawa duk na masana tattalin arziki ne. Abin da ya fito mini na fanninmu ne kawai, ni kuma na ɗauka duniyar ke nan.

Ranar difens, wato ranar kare aikin a gaban kwamiti, akwai wani dattijon farfesa da aka gayyato daga sashen tarihi. Bai ce uffan ba sai da kowa ya gama. Ya cire tabarau, ya ɗora yatsa a kan jimlar nan, ya tambaye ni ko na karanta Abner Cohen. Na ce a'a. Ya ce Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 a kan cinikin shanu da goro, kuma tun 1965 ya buga maƙala sukutum a kan bashi a kasuwar shanu ta garin. Ya ƙara da littafin Paul Lovejoy na 1980 a kan fataucin goro, ya ƙara da na Mahdi Adamu na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Na ƙarshen nan ya fi yi mini ciwo. Bahaushe ɗan'uwana, tsohon shugaban jami'ar Sakkwato, ga ni ina rubutu a kan fataken Hausa ban taɓa buɗe littafinsa ba.

Aka ce in sake babin, in sake tambayoyin bincike, in dawo zango mai zuwa. Takardun tambayoyi da na riga na buga da kuɗina suka zama na banza, ga kuɗin makaranta na wani zangon. A cikin BRT daga bakin makaranta har gida ban iya ɗaga wayar kowa ba.

Da na samu littafin Cohen, kwana uku na yi a kansa. Ga mai gida nan, wanda ke sauke baƙon falke, ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan mai saye ya ci bashi. Ga dillalai da la'adarsu. Ga yadda labarin wanda ya ci amana ke karaɗe kasuwa har ya rasa mai ba shi kaya. Abin da na ɗauka ni ne zan fara bankaɗowa, an rubuta shi tun kafin a haife ni. Dalilin da ya sa ban gan shi ba kuwa, Cohen masanin halayyar al'umma ne, ba ya amfani da kalmominmu, kuma shingen 2010 ya riga ya jefar da shi waje.

Na je rumfar kawu na karanta masa wani wuri ina fassarawa. Ya saurara yana ɓare goro, sannan ya ce, "Ɗana, ai wannan haka muka tarar da shi da muka zo Ikko. Amma yanzu wa ke kwana gidan mai gida da jakar kuɗi? Kafin mota ta wuce Jebba an turo alat." Na ce, "Kawu, maimaita mini." A nan na samu giɓin gaskiya: me ya rage na aikin mai gida yanzu da waya da POS da tura kuɗi ta banki suka shigo? Tambaya ce da ba zan iya yi ba sai da na san abin da aka rubuta a 1965.

Wani abin da na gane a makare shi ne kowane fanni da irin bitarsa. Wata 'yar'uwata likita a asibitin koyarwa na Idi-Araba ta nuna mini tasu. Tun kafin su fara suke rubuta kalmomin nema da rumbunan da za su duba, kamar PubMed, su ƙirga maƙalun da suka samu, su faɗi nawa suka zubar da dalilin zubarwa, bisa tsarin PRISMA, ƙa'idar bayar da rahoton irin wannan bita, da ya fito a 2009 aka sabunta a 2020. A wurinsu sabon sakamako yakan ture tsoho, don haka maganar shekarun baya-bayan nan tana da ma'ana. Masanin tarihi kuwa tsohuwar takarda ita ce jarinsa, sai ya tafi gidan adana takardu na ƙasa a Ibadan ko Kaduna, ko Arewa House. Ni da batuna ya ratsa fannoni uku, na ari ƙa'idar wani fanni na ɗaure kaina da ita.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni, nakan ce kafin ka rubuta "babu wanda ya taɓa", ɗauki batunka ka kai wa malami a sashen da ba naka ba, ka tambaye shi wa ya yi rubutu a kai. Minti goma da farfesan nan da sun cece ni wata shida. Ka bi jerin madogaran kowane littafi mai kyau, baya-baya, har sunaye su fara maimaita kansu. Kada kuma ka manta da kundayen digiri da ke jibge a sassan Hausa da na tarihi a Kano, Zariya da Sakkwato, da yawansu ba su hau intanet ba. Ni sai da na roƙi wani aboki ya ɗauko mini hoton shafukan guda biyu da wayarsa.

Na goge jimlar nan. A gurbinta yanzu akwai shafi huɗu da suka fara da unguwar Sabo ta Ibadan suka ƙare da rumfar kawu. Wata mai kamawa zan koma gaban kwamitin, kuma na roƙi a sake gayyato farfesan.