Hannun jarin da babu kotun da ta san da shi

A duniyoyin intanet irin su Second Life da EVE Online akwai kasuwa iri biyu da ake yawan haɗa su a suna ɗaya, alhali ba su yi kama ba. Ta farko wajen canji ce, inda ake musayar kuɗin wasa da dala, ko da yake a EVE an haramta sayar da kuɗin wasan da kuɗin gaske. Ta biyu ita ce kasuwar hannun jari, inda wani ɗan wasa zai ce ya buɗe kamfani, ya sayar wa jama'a kaso a ciki, ya yi alkawarin raba riba. Ta farkon ta daɗe tana aiki. Ta biyun kusan duk inda aka kafa ta sai da ta ci kuɗin mutane, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina ta, tun kafin a zo maganar halin masu riƙe da ita.

Kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe Second Life a 2003, da kuɗinsa da ake kira dalar Linden, ana rubuta ta L$. A 2005 ya kafa wajen canji mai suna LindeX. Mai sayarwa yana da zaɓi biyu: ko ya karɓi farashin da ya tarar nan take, ko ya ajiye tayinsa a kan farashin da yake so ya jira mai saye. A wajejen 2007 dala ɗaya tana sayen kusan L$270, kuma ana cire wa mai sayarwa kashi 3.5 cikin ɗari. Abin da ya riƙe farashin shi ne kamfanin da kansa. Idan masu neman L$ sun yi yawa, sai ya buga sabo ya zuba a kasuwa. Yana kuma da hanyoyin janye kuɗi daga hannun jama'a, kamar L$10 da ake biya kafin a ɗora hoto ɗaya a cikin duniyar. Uwa uba, kuɗin mai saye da na mai sayarwa duk suna cikin littafin Linden Lab, saboda haka ba yadda ɗaya zai karɓa ya ƙi bayarwa.

Kasuwannin hannun jarin kuwa 'yan wasa ne suka kafa su da kansu: World Stock Exchange, SL Capital Exchange, International Stock Exchange da wasu. Ga yadda ajiyar take tafiya a wancan lokacin. Za ka je ginin kasuwar a cikin wasan, ka tarar da wani abu mai siffar na'urar cirar kuɗi. Ka biya shi L$5,000. Wannan kuɗin nan take ya shiga asusun ɗan wasan da ya mallaki na'urar, domin a Second Life abu ba ya riƙe kuɗi, mai shi ne ke riƙewa. Ɗan shirin kwamfuta da ke cikin na'urar sai ya aika saƙo zuwa wani shafin intanet na waje, a rubuta 5,000 a gaban sunanka. Duk cinikin da za ka yi bayan nan, saye da sayarwa da karɓar riba, sauya lambobi ne kawai a rumbun bayanan wannan shafin. Linden Lab bai san kana da ko sisi a wurin ba. A littafinsa, ka ba wani mutum kuɗi, magana ta ƙare.

Daga nan ake samun ɓaraka ta fuska uku. Idan saƙon da na'ura ta aika bai isa ba, kuɗi ya fita amma ba a rubuta ba. Idan wanda ya rubuta shirin ya bar wa kansa ƙofa, zai iya umartar na'ura ta biya shi daga asusun da ke ɗauke da kuɗin kowa. Hakan ta faru da World Stock Exchange a watan Yulin 2007, inda aka kwashe kusan L$ miliyan 3.2, kuma zargin ya faɗa kan wanda ya san cikin tsarin. Ta uku ta fi sauƙi: mai asusun ya canja kuɗin a LindeX ya daina shiga wasan.

Sai maganar kamfanonin da ake sayar da hannun jarinsu. A lokacin, yawancinsu haya suke bayarwa ta fili, ko sayar da tufafi da gidaje, ko gudanar da gidan caca. Lissafin mai bayar da haya ba shi da wuya, kuma da masu zuba kuɗi sun yi shi da sun tsira. A 2007 tsibiri guda, mai faɗin murabba'in mita 65,536, ana biyan Linden Lab dala 1,675 na buɗe shi, sannan dala 295 duk wata. Dala 295 ta kai kusan L$80,000. A ce kamfani ya sayar da hannun jari miliyan ɗaya a kan L$1 kowanne, ya tara kimanin dala 3,700, ya yi alkawarin ribar kashi 5 cikin ɗari a wata, wato L$50,000. Dole ke nan ya riƙa samun L$130,000 duk wata daga tsibiri ɗaya, kusan L$2 a kan kowane murabba'in mita, babu fili ko ɗaya da ya zauna ba ɗan haya, kuma ba a sa kuɗin canji ba. Da 'yan haya kaɗan sun tashi, ribar da za a raba sai dai ta fito daga kuɗin sababbin masu saye. Rahoton wata-wata kuma shugaban kamfanin ne ke rubuta shi da hannunsa, babu mai binciken da zai iya duba asusunsa.

Ginko Financial ya fi kowa nuna inda wannan ke kaiwa. Banki ne a cikin wasan da ruwan da yake biya ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari a shekara, ba tare da ya bayyana takamaiman inda yake juya kuɗin ba. A ƙarshen Yulin 2007 Linden Lab ya haramta caca. Masu gidajen caca da 'yan wasa suka ruga cire ajiyarsu, layi ya yi tsawo, banki ya kasa biya. A watan Agusta ya rufe da bashin kusan L$ miliyan 200, kimanin dala 750,000. Abin da aka ba masu ajiya a madadin kuɗinsu takardun bashi ne marasa ranar biya, da ake cinikinsu a World Stock Exchange a kan ɗan abin da bai kai darajarsu ba. Wanda ya ga yadda MMM ta rufe asusun mutane a Najeriya a Disambar 2016 ba ya buƙatar dogon bayani. A Janairun 2008 Linden Lab ya hana duk wanda ba shi da takardar rajista ko lasisin harkar kuɗi daga gwamnati yin alkawarin ruwa ko riba a cikin duniyar, dokar ta fara aiki ranar 22 ga watan.

A EVE Online ta kamfanin CCP na ƙasar Iceland abin ya ɗan bambanta, domin can yaudara a cikin wasa ba laifi ba ce a dokar kamfanin. Wasan yana da hannun jari na gaske da maɓallin raba riba, amma babu abin da ke tilasta wa shugaba ya danna shi. A 2006 mai wani banki na cikin wasan da ake kira EIB, ɗan wasan da aka sani da Cally, ya tafi da kusan ISK biliyan 790, wato kuɗin wasan EVE. A 2009 shugaban EBank, Ricdic, ya ɗebi biliyan 200 ya sayar da su a kan kusan dala 5,000. CCP ya kore shi, amma saboda sayar da ISK da kuɗin gaske, ba don ya ci amanar masu ajiya ba. Shi ya sa tsofaffin 'yan EVE ba sa ba da rance sai da jingina: mai neman kuɗi ya ajiye jirage ko kayan da darajarsu ta ɗara bashin a hannun wani na uku da kowa ya yarda da shi. A ganina wannan ita ce kaɗai dabarar da 'yan wasa suka ƙirƙiro da ta yi aiki, kuma ita ma ta dogara ne kan cewa na ukun yana tsoron zubar da sunansa.

Inda hannun jari ya tsaya da ƙafafunsa shi ne inda mai duniyar ya riƙe littafin da kansa. A Entropia Universe ta kamfanin MindArk na Suwidin, an ƙayyade kuɗin wasan, PED, 10 a kan dala ɗaya. A 2011 aka fitar da takardun mallakar fili 25,000 na duniyar Calypso da ke cikin wasan a kan dala 100 kowacce, kuma tsarin wasan ne ke lissafa kason mai takarda daga kuɗin shiga ya zuba masa a asusu, ba wani ɗan wasa ba. Haɗarin da ya rage a nan shi ne kamfanin: yawan 'yan wasa ya ragu kason ya ragu, ko ya sauya sharuɗɗa, kuma yarjejeniyar da aka danna amincewa da ita ranar buɗe asusu ta riga ta ba shi wannan damar.