Kafin ku cike FAFSA, ƙannena

Ƙannena da ke shirin shiga jami'a a Amurka, kurakurai biyu na tafka wajen neman tallafin karatu na gwamnati. Na yi jinkirin cike fom, sannan na karɓi bashi ban tsaya na bambance shi da kyauta ba. Ba na son ko ɗayanku ya maimaita.

Fom ɗin sunansa FAFSA, kuma ba a biyan ko sisi a kansa. An tanadi tallafin ne don 'yan ƙasa, masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijira. Wanda ya shigo da bizar karatu ba ya ciki.

Yawanci ana buɗe shi ranar 1 ga Oktoba. Wa'adin gwamnatin tarayya kuwa sai 30 ga Yuni na ƙarshen shekarar karatun, kuma wannan ranar ce ke sa mutum ya saki jiki. Jihohi da makarantu kowa da nasa wa'adin. Kalifoniya, alal misali, ta saba rufe nata ranar 2 ga Maris. Wasu kuma rabon wanda ya riga zuwa suke yi, kuɗin na ƙarewa shi ke nan. Ku cike a watan da aka buɗe, ku jera duk makarantun da kuke nema, don fom ɗin intanet yana ɗaukar har 20.

Idan ba ku kai shekara 24 ba kuma ba ku yi aure ba, galibi sai an haɗa da bayanan iyaye. Kai da mahaifin da zai cike nasa ɓangaren, kowa sai ya buɗe asusunsa a StudentAid.gov, kowa kuma ya amince a ɗauko bayanan harajinsa daga IRS, hukumar harajin Amurka. Mutum ɗaya ya ƙi amincewa, tallafin ya tsaya. Ku zauna da Baba ko Mama tun da wuri ku yi musu bayani. Harajin shekara biyu baya ake dubawa, wato na 2024 don karatun 2026-2027. In samun gida ya ragu tun daga lokacin, ku kai takardun shaida ofishin tallafi na makaranta, suna da ikon sake lissafi. Sunanku kuma a rubuta shi harafi da harafi yadda yake a katin Social Security, wato katin da ke ɗauke da lambar shaidarku ta gwamnati.

Takardar tayin da makaranta za ta aiko, a nan nake roƙon ku natsu. Ku ɗauki biro ku ja layi ƙarƙashin kowane adadi, ku rubuta "kyauta" ko "bashi" a gefensa. Pell, tallafin gwamnatin tarayya ga masu ƙaramin ƙarfi, kyauta ce, mafi yawanta dala 7,395 a 2024-2025. Bashin kuma iri biyu ne. A ɗaya, gwamnati ke ɗauke kuɗin ruwa muddin kana karatu. Ɗayan kuwa ruwansa na taruwa tun ranar da aka saki kuɗin. Ɗan aji ɗaya da ke ƙarƙashin iyaye iyakar bashinsa dala 5,500, kuma 3,500 kaɗai ke iya zama irin na farkon. Ba dole ne ku karɓe duka ba, kuna iya rage adadin ko ku ƙi shi gaba ɗaya. Biya na farawa wata shida bayan barin makaranta, ko an gama ko ba a gama ba.

Kowace shekara sai an sake cikewa, kuma in maki ya faɗi ƙasa da ƙa'idar makaranta ana iya dakatar da tallafin. Wanda ya janye kafin kashi 60 cikin 100 na zango ya wuce, ana iya neman ya mayar da wani ɓangare na kuɗin, don haka ku leƙa ofishin tallafi kafin ku ajiye ko da kwas ɗaya.